Tsohon karena ya daina wasa, sai kwanciya a gefena: hutu ne ko ciwo?

Tambaya: Likita, karena ya cika shekara 12, nauyinsa wajen kilo 25, kuma tun yana ɗan kwikwiyo yake hannuna. Da can da ya ji motsina a ƙofa zai taso a guje. Yanzu sai dai ya ɗago kai ya kaɗa wutsiya daga inda yake kwance. Duk ɗakin da na shiga sai ya biyo ni a hankali ya kwanta kusa da ƙafata, mu yi awa biyu ba wanda ya motsa. Gaskiya ina jin daɗin wannan zama, amma wani lokaci zuciyata takan raya min cewa wahala yake sha, ni kuwa ina ganin kwanciyar hankali ce. Kwanan nan kuma yakan tashi da tsakar dare yana ta zagaye. In ƙyale shi ya huta, ko in matsa masa ya motsa jiki? Yaya zan gane ko yana jin daɗi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali. Karen da yake bin mai shi ɗaki ɗaki yana kwanciya a gefenta bai fid da rai da duniya ba. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa yawanci janye jiki yake yi, ya nemi lungu, ya daina kula wa ya shigo wa ya fita. Naki har yanzu yana da abin da yake so, kuma ke ce. Yawan barcin ma ba abin tsoro ba ne. Kare mai jini a jika yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 tsakanin dare da rana, tsoho kuwa yakan kai 16, wani har 18.

Sai dai akwai maganar da ba na son ji a bakin masu karnuka, wato “ai tsufa ne kawai”. Tsufa shi kansa ba cuta ba ne, ƙofa yake buɗe wa cututtuka, kuma da yawa daga cikinsu suna da magani, ko aƙalla abin rage raɗaɗi. Tsofaffin karnuka da dama da ake yaba wa natsuwa, motsi ne ya koma yi musu ciwo suka rage shi. Daga nesa ba a bambanta mai hutu da mai jinya, sai an matso. Likita ɗan lokaci kaɗan yake ganin kare, a kan tebur, a tsorace, jikinsa a ɗaure. Ke kuwa kina da awa biyun nan kullum, karen yana sake. Abin da za ki gani a cikinsu ya fi abin da zan gani a asibiti, in dai kin san inda za ki kai ido.

Game da shekarunsa, lissafin nan na ninka shekarar kare sau 7 ba ya tafiya daidai. A 2020 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun fitar da bincike a kan karnuka 104 'yan jinsin Labrador, inda suka auna tabon da shekaru suke bari a ƙwayoyin halitta suka kwatanta da na mutum. Sun gano cewa kare yana tsufa da sauri a farkon rayuwa, daga baya abin ya lafa. Ɗan shekara 1 ya yi daidai da mutum mai kimanin 30, ɗan shekara 4 ya haura 50, ɗan shekara 12 kuma wajen 70. Girman jiki ma yana sauya lissafin. Manya irin Great Dane tun suna shekara 6 ake sa su a sahun tsofaffi, kuma da wuya su wuce 10, ƙanana kuwa sukan kai 15 ko 16. Naki mai kilo 25 yana tsaka-tsaki. Dattijo ne, amma ba lallai ne a ce ya zo gargara ba.

Ki fara da kwanciyar kanta. Karen da yake hutu na gaske zubewa yake yi: ya kwanta a gefe ɗaya, ƙafafu a miƙe, ciki a sake, leɓe ya ɗan zazzago. Yakan ja dogon numfashi ya sauke kafin barci ya kwashe shi. In barcin ya yi nisa sai ki ga ƙafa tana ɗan harbawa, ido yana motsi a ƙarƙashin fata, har da ɗan guntun haushi a maƙogwaro. Mafarki yake yi, a bar shi. Wanda jikinsa yake ciwo kuwa ba ya samun wuri. Zai zagaya, ya fara durƙusawa, ya fasa, ya sake zagayawa, a ƙarshe ya saki bayansa ƙasa tim da ɗan nishi. Ba a jima ba ya tashi ya sauya gefe. Yana haki alhali ba zafi ake yi ba, ba kuma gudu ya yi ba. Yana ta lasar gaɓa ɗaya, galibi wuyan ƙafar gaba, har miyau ya rina gashin wurin ya koma ja-ja. Kunnuwa a kwance ta baya, ido a ɗan tsuke ko da ba barci yake ba.

Tashi ya fi kwanciya tona asiri. Gobe da safe kada ki kira shi, ki tsaya gefe ki ga yadda zai miƙe da kansa. Ƙafafun gaba yake kafawa ya janyo sauran jikin da ƙyar? Takunsa na farko a sandare suke, sai ya ɗan yi tafiya jikin ya saki? Wannan ita ce alamar ciwon gaɓoɓi da ta fi fitowa fili, taurin jiki bayan hutu wanda motsi yake ragewa. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwa ne yake zaizayewa, gaɓar ta kumbura, karen ya rage dogara da ƙafar, naman cinya ya fara zubewa, gaɓar kuma ta ƙara rasa abin tallafi. Ki dube shi ta baya yana tsaye. In cinyoyin sun tsotse, kafaɗu kuma sun yi kauri, nauyinsa ya mayar gaba don ya sauƙaƙa wa ƙugu.

Daina tarbarki a ƙofa shi ne ya fi tsaya min a rai cikin duk abin da kika faɗa. Wutsiya tana kaɗawa, ke nan murnar tana nan. Tashin ne ya ɓace. Karen da ya auna wahalar miƙewa ya ga gara ya gaishe ki daga kwance, ina zargin ƙugu, ko gwiwa, ko gadon baya. Zai yiwu kuma bai ji shigowarki ba ne sai da kika iso kansa, zan zo kan maganar kunne. Kada dai ki jira sai ya yi kuka. Kare yana ihu in an taka shi ko ya karye, amma ciwon da ya shigo a hankali cikin watanni, shiru yake yi da shi. Zai ci abincinsa, ya kaɗa wutsiya, ciwon yana nan.

In muna shakka, hanyar da muke bi ba ta da wuya. Bayan an duba shi an yi gwajin jini don a tabbatar ƙoda da hanta za su ɗauka, sai a ɗora shi a kan maganin kumburi da zogi na karnuka, irin carprofen ko meloxicam, na kamar sati biyu, a zuba ido. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mai kare yakan dawo yana mamaki, wai karen ya koma tarbarsa a ƙofa, ko ya tono wani abin wasa da kowa ya manta da shi. A nan ake gane nawa ne tsufa, nawa ne ciwo. Akwai kuma allurar wata-wata mai suna Librela, wadda aka amince da ita a Turai a 2020, a Amurka kuma a 2023. Tana toshe wani sinadari ne da yake ingiza jijiya ta kai saƙon ciwo. Ta taimaki karnuka da yawa, musamman waɗanda ƙodarsu ba za ta jure ƙwayoyi ba, amma an samu rahoton illa a wasu, saboda haka shawara ce tsakaninki da likitan da ya taɓa karen da hannunsa.

Roƙona ɗaya, kada tausayi ya sa ki ba shi naki maganin. Ibuprofen da diclofenac da naproxen suna yi wa cikin kare gyambo, su lalata ƙoda, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa. Paracetamol ma sai da awon likita. Ba a kuma haɗa maganin kumburi da irin su prednisolone, haɗin yana iya huda ciki.

Tunda dai kuna zaune, ga wani aiki na rabin minti da nake so ya zame miki jiki. Ki bari barci ya ɗauke shi sosai, ba lokacin da yake mafarki ba, ki kalli haƙarƙarinsa. Ɗagawa da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Lafiyayyen kare a cikin barci ba ya kai 30 a minti, yawancinsu ma ƙasa da 25 suke. Ki yi haka 'yan kwanaki a jere ki san nasa adadin, daga nan sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. Ranar da kika ga ya haura 30 ya zauna a can, ko wanda ya saba 18 ya koma 28 ba dalili, ki kai shi a duba. Dalilin shi ne ciwon zuciyar da ya fi yawa a tsofaffin karnuka, musamman ƙanana da matsakaita, wata 'yar ƙofa ce a ɓangaren hagu na zuciya take lalacewa ta daina rufuwa da kyau, jini yana komawa baya. Ana iya shekaru a haka ba alama. In zuciyar ta fara gazawa ruwa yakan taru a huhu, kuma abin da yake fara nunawa shi ne saurin numfashi a cikin barci, tun kafin tari da kasala su bayyana. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa ba da maganin pimobendan ga karnukan da zuciyarsu ta fara girma, tun ba su fara nuna alama ba, yana jinkirta gazawar da kimanin wata 15. Wata 15 a rayuwar ɗan shekara 12 ba ƙaramin abu ba ne.

Shafar da kike masa ma gwaji ce, in kin sa hankali a tafin hannunki. Ki bi wuya, ƙirji, hammata, ciki, cinyoyi. Tsofaffin karnuka suna yawan fitar da ƙulli a ƙarƙashin fata, kuma galibinsu kitse ne mai laushi da yake zamewa a ƙarƙashin yatsa, ba ya cutarwa. Matsalar ita ce wasu masu haɗarin ma haka suke a taɓi, ni kaina ba na yanke hukunci da yatsa. Da 'yar allura ake tsotso ƙwayoyin ciki a duba a madubin likita, aikin 'yan mintoci ne, yawanci ba a ma sa shi barci. Duk ƙullin da kika samu, ki auna faɗinsa ki rubuta ranar. Wanda yake girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ya fashe, ba ya jira.

Ki lura da haƙarƙari kuma. Ya kamata ki ji su da ɗan dannawa kaɗan, ba sai kin tona ba. In kin rasa su, ya yi ƙiba, kuma a ganina ba maganin gaɓoɓin da ya kai rage nauyi araha da amfani. An yi wani dogon bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, a kan Labrador 48 da aka raba gida biyu tun suna ƙanana, aka riƙa ba rukuni ɗaya abinci ƙasa da na ɗayan da kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka rage wa sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara 2, ciwon gaɓoɓi kuma ya makara kafin ya kama su. Na san yadda abin yake. Tsohon kare ya kafe ki da ido kina cin abinci, kin san kuma wasa ya ƙare masa, sai ki ga ba abin da ya rage ki faranta masa da shi sai ɗan loma. Lomar nan ƙugunsa ne zai ɗauke ta. In kuwa akasin haka kika gani, ƙashin baya yana fitowa alhali yana ci yadda ya saba, wannan ramar ta fi ƙibar gaggawa.

Sau ɗaya a sati ki ɗaga leɓensa. Dasashi ya kamata ya zama ja mai haske da danshi. Wari mai ƙarfi, haƙori mai girgiɗi, ko tauna da gefe ɗaya, ciwon baki ne, kuma yana cikin ciwukan da suke sa kare ya yi shiru ba wanda ya sani. Kwanon ruwa ma yana da labari. Kare mai kilo 25 yakan sha tsakanin lita 1 da lita 1 da rabi a rana. In ya wuce lita 2 da rabi kullum ba don zafi ba, muna tunanin ƙoda, ko ciwon suga, ko wata cutar da jiki yake fitar da sinadarin cortisol fiye da kima. Ki auna abin da kika zuba da safe da abin da ya rage washegari, kwana uku, kin sami adadi.

Kunne yakan tafi a hankali har mai kare ya ɗauka taurin kai ne. Ki gwada tafa hannu a bayansa yana farke, daga inda ba zai gan ki ba. In jinsa ya ragu, to a daina taɓa shi kwatsam yana barci, domin karen da bai taɓa cizo ba yana iya kai baki cikin firgita, ba da nufi ba. Ki ɗan buga ƙafa a ƙasa ya ji girgizar, ko ki ajiye hannu kusa da hancinsa har ƙamshinki ya tashe shi. In akwai yara a gidan, wannan doka ce, kuma inda yake kwanciya nasa ne shi kaɗai. Yanzu ne kuma lokacin haɗa kowace kalma da alamar hannu, tun yana ɗan ji. Ido kuwa, wannan shuɗi-shuɗin hazo da yake bayyana a tsakiyarsa daga wajen shekara 7, yawanci taurin ƙwayar ido ne na tsufa kuma bai cika hana gani ba. Yanar ido ita ce fara fat, wadda take toshe haske. Likita zai raba miki su da 'yar fitila. Ko da ganin ya ragu, kare yana haddace gidansa, muddin ba a yi ta jujjuya kujeru ba.

Zagayen dare shi ne abu na biyu da ba zan bari ya wuce ba. Kafin a kira shi da wani suna, a fara kawar da masu sauƙi: ciwon da ya hana shi samun wurin kwanciya, fitsarin da ya matse shi, da duhun da ya fi ƙarfin idonsa. In an kawar da waɗannan abin bai daina ba, sai mu yi tunanin gigin tsufa, domin karnuka ma suna yi. A ƙwaƙwalwarsu ana samun irin dattin furotin da ake samu a ta mutane masu cutar mantuwa ta Alzheimer. Wani bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a 2001 ya samu aƙalla alama ɗaya ta wannan ruɗewa a kashi 28 cikin 100 na karnuka masu shekara 11 zuwa 12, da kashi 68 na masu 15 zuwa 16. Alamunta suna da ban tausayi kuma ba sa ɓuya ga wanda ya san su. Kare ya je bakin ƙofa ya tsaya ta gefen da ba ya buɗewa. Ya shiga bayan kujera ya rasa yadda zai yi baya. Ya tsaya yana kallon bango. Ya fita waje ya manta abin da ya fitar da shi, ya dawo ya yi fitsari a ɗaki. Rana ta zame masa dare, dare ya zame masa rana. Ba a warkar da ita, amma ana rage mata gudu. Akwai maganin selegiline da yake taimakon wasu, akwai abinci na musamman, sannan akwai abin da yake hannunki: lokacin ci da na fita da na barci su tsaya a inda suke kullum, a bar masa ƙaramar fitila da dare, a fitar da shi fitsarin ƙarshe dab da kwanciya, a kuma tabbatar ya ga hasken rana ya motsa da yini don barcin ya koma dare. In ya ɓata ɗaki kada a yi masa faɗa. Bai san ya yi laifi ba, tsoro kawai zai koya.

Hakan ya kawo mu ga tambayarki ta farko. Kada ki ƙyale shi gaba ɗaya, kada kuma ki matsa masa. Kwanciya zalla tana zubar da nama, kuma naman da tsohon kare ya rasa da wuya yake dawowa. Tafiyar minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a ƙasa mai laushi, ta fi doguwar tafiya ɗaya a ƙarshen mako nesa ba kusa ba. Jifan ƙwallo ni dai na fi son a daina, domin gudun da tsayawar kwatsam da juyin duk a kan gaɓoɓi suke sauka, shi kuwa ba zai ƙi ba, don ya faranta miki zai bi ta, gobe ya kasa tashi. Ma'aunin shi ne washegari. In ya tashi ya fi jiya tauri, an wuce gona da iri, a rage. A kuma guji tsakar rana, tsoho ba ya iya sanyaya jikinsa kamar da.

A wajen tafiyar ki bar hanci ya ja gaba. Ji da gani suna raguwa, amma hanci yakan daɗe yana aiki, kuma ta nan kare yake karanta duniya. In ya tsaya a gindin bishiya ɗaya yana shinshinawa minti uku, kada ki ja igiya, abin da ya fito yi ke nan. A gida ma za ki iya watsa ɗan abincinsa cikin tsohon tawul ki naɗe, ya yi ta nema da hanci. Yana gajiyar da ƙwaƙwalwa ba tare da ya taɓa gwiwa ba.

Gidan kansa yana buƙatar ɗan gyara. Tayil mai santsi abokin gabar tsohon kare ne, kuma wasu suna rage tashi ne kawai don sun taɓa zamewa sun ji tsoro. Ki shimfiɗa kafet marar zamewa a hanyoyin da yake bi, daga makwanci zuwa ruwa zuwa ƙofa. A yanke masa farce, domin mai ƙarancin tafiya farcensa ba ya cinyewa, in ya yi tsawo kuma yana sauya yadda ƙafa take taka ƙasa. In kina jin ƙas-ƙas a kan tayil, sun yi tsawo. Katifarsa ta zama mai kauri da ɗan tauri, wadda gwiwar hannunsa ba za ta nutse ta taɓa ƙasa ba, mai laushi sosai wahalar fita take ba shi. Tunda kuma bin ki yake yi, ki ajiye masa shimfiɗa a kowane ɗakin da kike daɗewa, in ba haka ba zai zaɓi dandaryar ƙasa kusa da ke a kan katifa nesa da ke. A matakala, tawul da aka ratsa ta ƙarƙashin cikinsa aka riƙe bakin biyu yana ɗauke masa nauyi sosai.

Zaman da kuke yi kuwa, kada ki raina shi, kada kuma ki ji kamar kin gaza don ba kwa yin komai. A 2015 masana a Jami'ar Azabu ta Japan sun nuna cewa in kare da mai shi suka daɗe suna haɗa ido, sinadarin oxytocin, wanda yake ɗaure uwa da jaririnta, yana ƙaruwa a jikin su biyun. Ɗago kan da yake yi ya dube ki ya mayar, hulɗa ce cikakkiya a wajensa. In kina son sanin ko shafar tana masa daɗi, ki tambaye shi. Ki shafa ƙirji ko gindin kunne a hankali na ɗan lokaci, sai ki ɗauke hannu. In ya turo kai, ko ya ɗora ƙafa a kanki, ko ya matso, ki ci gaba. In ya kau da kai, ya lashi hanci, ya yi hamma, ko jikinsa ya ɗaure lokacin da hannunki ya iso wani wuri, ki tsaya, ki kuma riƙe wurin a ranki don ki faɗa wa likita. Wasu tsofaffin sun fi son jingina da ƙafar mutum kawai ba tare da an taɓa su ba.

Abubuwa biyu na gaggawa, a taƙaice. In ya zube kwatsam, dasashi ya yi fari, ciki ya ɗan kumbura, asibiti nan take ko da tsakar dare ne, domin ƙari a saifa yana iya fashewa ya zubar da jini a ciki. In kuwa kika wayi gari kansa ya karkace gefe, ido yana rawa, yana tangaɗi yana amai, ki kai shi amma kada ki yanke ƙauna. Mutane sukan ɗauka shanyewar jiki ce, alhali sau da yawa jirin cikin kunne ne na tsofaffin karnuka, wanda yakan fara sauƙi cikin kwana 3, ya warware cikin sati 2 zuwa 3.

Yadda za ki san yana jin daɗi a tsawon lokaci, ido kaɗai ba ya isa, domin wanda yake ganin kare kullum ba ya lura da raguwar da take zuwa kaɗan kaɗan. Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni a 2004 da yake duba ciwo, ci, sha, tsafta, walwala, motsi, da ko ranakun daɗi sun fi na wuya yawa. Daga bayaninki ba ku kai inda ake wannan lissafin don yanke shawara mai nauyi ba, amma fara shi da wuri yana da amfani. Ki zaɓi abu uku da kika san yana ƙauna, misali shinshinar waje, abincin safe, da biyo ki ɗaki, kullum da dare ki sa alama a kalanda ko ya yi su.

Ki nemi ganin likita cikin sati ɗaya ko biyu, daga nan kuma duk wata 6, da gwajin jini da na fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara. Ki tafi da adadin numfashinsa, da na ruwan da yake sha, da sunan duk abin da kike ba shi. Ki kuma ɗauki bidiyo biyu da wayarki, ɗaya na tashinsa na farko da safe, daga gefe, ɗaya na zagayen daren. Tsoron asibiti yakan ɓoye ɗingishi, sai ki ga karen da ya kasa miƙewa a gida yana takawa garau a gaban likita, shi ya sa bidiyon yake da muhimmanci. In zai yiwu ki tari fitsarinsa na farko na ranar a kwalba mai tsafta, a kai shi cikin awa ɗaya ko biyu.